Yadda za ki auna muradun ci gaba a unguwarku

A 2015 Najeriya ta amince da muradun ci gaba 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya, wa'adinsu 2030. Cikinsu akwai lafiya da ilimin yara. Ni a layinmu na Kurna nake aunawa. Ke ma gwada, 'yar'uwa.

Fara da katin rigakafin jaririnki. Duba allurar sati 6, 10 da 14, sai ta ƙyanda a wata 9. In wata allura ta wuce shi, goya shi zuwa asibitin sha-ka-tafi, kyauta ce. Wannan ya fi damuna, don na ga yadda ƙyanda ke kwantar da yaro, idanu jajur.

Ranar makaranta kuma, da hantsi, leƙa waje ki ƙirga yara masu talla. Ki kai adadin gaban mai unguwa da kwamitin firamarenku.