Yadda ake ɗaukar hoto mai kyau da waya bayan rana ta faɗi

A Katsina yawancin abin da muke so mu adana a hoto da yamma lis ko da dare yake faruwa. Kamu da dina, shan ruwa da azumi, 'yan tashe a ƙofar gida, hirar majalisa a gaban mai shayi, duk sai zafin rana ya sauka ake yin su. A nan ne kuma waya take ba mutane kunya: hoto ya fito dishi-dishi, fuska ta yi duhu ba a gane mai ita, ko filasha ta wanke goshi ya riƙa ƙyalli. Sai a ce wayar ce ba ta da kyamara, a fara tara kuɗin sabuwa. Sau da yawa wayar hannunka ta isa. Abu biyu take nema a wurinka, haske a kan fuskar wanda za ka ɗauka, da hannun da ba ya rawa.

Kyamara tara haske take yi kamar yadda ake tarar ruwan sama. Idan yayyafi ake yi, ko dai ka sa baho mai faɗin baki, ko ka bar kwanonka ya daɗe a waje. Faifan da ke karɓar haske a cikin waya ƙarami ne ƙwarai, bai kai girman farcen babban yatsa ba a yawancin wayoyi, saboda haka da dare dole ta daɗe tana tarawa. A cikin wannan daɗewar duk motsin da aka yi sai ya fito a hoton. In kuma ba ta daɗe ba, sai ta ƙara ƙarfin ɗan hasken da ta samu da lantarki, abin da ake kira ISO, shi ne yake kawo yashi-yashin nan da ake gani a wuraren duhu.

Fara da goge gilashin kyamara

Maiƙon yatsa da ƙurar hunturu su ne suke sa kowane ƙwan fitila ya yi jela a hoto, sauran wurin kuma ya yi hazo. Da rana ba a cika lura ba, da dare abin yake bayyana. Ka goge da ƙyalle mai laushi, irin na tabarau ko gefen rigar auduga mai tsabta. Idan ka manna wa kyamarar gilashin kariya kuma ya karce, cire shi.

Kai mutum wurin haske

Wannan matakin ya fi duk sauran nauyi. Kafin ka ɗaga waya, duba inda hasken wurin yake fitowa: ƙwan da ke bakin ƙofa, fitilar sola ta titi, fitilar caji, ƙwan da mai tsire ya rataya a kan tukubarsa. Sai ka tsayar da mutuminka yana fuskantar wannan hasken, kai kuma hasken ya kasance a bayanka ko a gefen kafaɗarka. Mutane da yawa akasin haka suke yi, su tsaya a gaban adon fitilun da aka yi wa amarya da ango saboda wurin ya yi kyau, fitilun su fito tas, fuskoki su zama inuwa.

Kusanci da fitila yana da tasirin da ya wuce yadda ido yake zato. Wanda yake mita 2 daga ƙwai, idan ya matso zuwa mita 1, hasken da ke sauka a fuskarsa ya ninka sau 4. Taku biyu kacal ke nan, amma ya fi duk wani gyara da za ka yi wa hoton daga baya. Sai dai kada ya tsaya a ƙarƙashin ƙwan daidai, domin hasken da ya sauko ta tsakiyar kai yana sa ramin ido ya yi baƙi, hula ko ɗankwali kuma su rufe goshi da inuwa. Ya ja baya kaɗan yadda hasken zai zo masa ta gaba daga sama.

Ba kowa ake cewa ya tashi ya koma can ba. Idan dattijo ne a zaune, kai ne za ka kai masa hasken. Ka ce, "Baba, a yi haƙuri, bari a matso da fitila," ka sa wani yaro ya riƙe fitilar caji a gefenka, sama da kansa kaɗan. Idan tocilar wata wayar ce kawai ake da ita, a rufe ta da farin hankici ko farar takarda, ko a haska farin bango hasken ya dawo kan fuska. Hasken da ya bazu haka yana bin fata a hankali, ba ya sa ta ƙyalli.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Waya tana auna hasken dukan abin da take gani ne ta yanke hukunci. Mutum mai duhun fata sanye da farar shadda da ta sha bugu, ga ƙwai a bayansa, wayar za ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, fuskar ce za ta biya kuɗin. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya yi suna a Afirka da daidaita kyamarorinsa don baƙar fata, kuma hakan yana taimakawa, amma babu wayar da za ta ƙirƙiro hasken da bai sauka a kan fuska ba.

A ɗakin taro kuma a guji fitilun nan masu shuɗi da ja da suke juyawa. Ka ce wa ƙawayen amarya su ɗan fito bakin ƙofa inda farin ƙwai yake. A wurin kamu ko wunin mata, ka nemi izini kafin ka ɗauka, kuma kada hoton matar wani ya hau intanet ba da saninta ba.

Tsaya a kan 1x

Wayarka tana iya zuwa da ido uku ko huɗu a baya, amma ɗaya ne babba, wanda yake aiki idan allo ya nuna 1x. Shi ne mai faifai mafi girma da ƙofa mafi faɗi. Na 0.5x mai ɗaukar fili da yawa ya fi shi rauni a duhu. Zuƙowa da yatsu biyu kuwa, a yawancin wayoyinmu yanka hoton kawai take yi ta faɗaɗa shi, yashi-yashin ya ƙara girma. Idan abin ya yi nisa, taka ka je.

Kada kuma ka kunna zaɓin 50MP ko 108MP da dare (MP na nufin megafiksel, wato ɗigo miliyan ɗaya na hoto). Waɗannan kyamarorin an gina su ne su haɗa ɗigo 4 ko 9 su zama ɗigo ɗaya mai ƙarfin karɓar haske, shi ya sa mai 48MP take fitar da hoto mai 12MP, mai 108MP ma haka. Idan ka tilasta mata cikakken adadin, ka raba ɗigon ke nan, hoton ya yi nauyi a ma'ajiya ba tare da ya fi kyau ba. Wanda kuma zai sayi waya don hoton dare, ya rage kallon yawan megafiksel a jikin kwali. Ya duba lambar da ke bayan harafin f, domin f/1.8 ta fi f/2.4 shigar da haske, sannan ya duba ko akwai OIS, wato na'urar da ke rage girgizar hannu a cikin kyamarar kanta. In mai shago ya yarda, a gwada ta a lungun shagon mafi duhu.

Taɓa fuska a allo

Da ka daidaita hoton, taɓa fuskar mutumin da yatsa. Da haka ka gaya wa wayar a nan za ta tsayar da idonta, a nan kuma za ta auna haske. Za ka ga 'yar alamar rana ta fito a gefe. Ja ta sama ko ƙasa har fuskar ta yi daidai da yadda idonka yake ganinta. Idan ka danne wurin na daƙiƙa biyu, yawancin wayoyi suna kulle wannan awon, ba zai canza ba ko da wani ya gifta.

Idan titi ko gini kake ɗauka, ka ja alamar ƙasa kaɗan. Waya tana son ta mayar da dare rana, sama ta yi toka-toka, fitilu su fashe. Hoton dare ya fi kyau idan an bar masa duhunsa.

Kunna yanayin dare, ka daskare

A jerin zaɓuɓɓukan kyamara akwai wanda aka rubuta wa Night, a wasu wayoyin Tecno da Infinix kuma Super Night. Wannan fasahar ta yaɗu ne daga 2018, lokacin da Huawei ta fito da P20 Pro, Google kuma ta kawo Night Sight a wayoyin Pixel. Apple ta bi sahu a 2019 da iPhone 11. Yau har wayoyi masu sauƙin kuɗi suna da ita. Abin da take yi shi ne ta ɗauki hotuna da yawa a jere cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta jera su a kan juna, ta tace yashi-yashin, ta fitar da guda ɗaya.

Saboda haka aikinka a waɗannan daƙiƙoƙin shi ne kada ka motsa. Riƙe wayar da hannu biyu, manna gwiwar hannu a haƙarƙari, jingina da bango ko jikin mota, ka ɗauke numfashi har ƙidayar da ke allo ta ƙare. In da hali, ɗora wayar a kan benci ko katanga, ka tokare ta da wani abu, ka sa mata ƙidayar daƙiƙa 3 domin girgizar danna maɓallin ta lafa kafin ta fara. Wanda ake ɗauka ma sai an gaya masa: "Hajiya, a ɗan tsaya haka, kada a motsa sai na ce." Mutane sun saba da ƙyas ɗaya an gama, suna juyawa tun wayar tana tsakiyar aiki.

Inda yanayin dare ba ya amfani shi ne inda ake motsi. 'Yan tashe suna tsalle, ana liƙi a fili, ko hawan Sallar Gani a Daura ya kai yamma dawakai suna wucewa, a nan zai ba ka fuskoki biyu-biyu. Ka koma yanayin hoto na kullum, ka tsaya inda haske ya fi yawa, ka jira su shigo cikinsa, ka ɗauka da yawa a jere. A cikin goma za ka samu ɗaya ko biyu masu kyau, sauran ka goge.

Filasha

Filashar waya ba ta wuce kamar mita 2. Wanda ya kunna ta daga bayan taro, ƙeyar mutanen gabansa kawai zai haska. Da hunturu kuma takan haska ƙurar da ke yawo a iska, hoton ya cika da fararen ɗige-ɗige. Ka bar ta a kashe, sai in duhu ne ƙirin kuma abin yana kusa, kamar takarda ko lambar mita.

Gine-gine, da zaɓin Pro

Hasumiyar Gobarau ko Ƙofar Soro ba sa motsi, don haka su ne wurin koyon zaɓin Pro, inda kai ne kake saita kyamarar da hannunka. Ka kafa wayar a kan abin da ba ya girgiza, ka sa ISO a 100 ko 200, ka sa lokacin da kyamara za ta daɗe tana tara haske, wanda ake nunawa da harafin S, a daƙiƙa 1 zuwa 4, ka gwada ka duba. Hoton zai fito sumul, fitilun Keke Napep da ke wucewa su zama zare-zaren haske. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da an idar da sallar magariba, sama tana da sauran shuɗi, fitilu kuma sun kama. A yankinmu wannan shuɗin ba ya daɗewa, don haka ka zaɓi wurin tsayuwarka tun kafin a kira salla.

Idan ka ga baƙaƙen layuka suna ratsa allo a ƙarƙashin wasu ƙwayayen LED, ƙyaftawar wutar ce, domin lantarkin Najeriya yana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Sa S a 1/50, yawanci layukan za su ɓace.

Ga 'yan'uwa mata masu sayar da atamfa da leshi a WhatsApp, shawarata daban ce: ki haƙura da hoton dare. Ƙwai mai ruwan ɗorawa yana canza launin yadi, mai saye ta ga wani abu a waya, a kai mata wani, amana ta taɓu. Ki shimfiɗa kayan da safe a inuwar baranda. In dole ne da dare, ki kashe sauran fitilu ki bar farin ƙwai iri ɗaya, ki ajiye farar takarda a gefen yadin. Idan takardar ta fito fara a allo, launin yadin ma ya yi daidai.

Gyara da turawa

Wurin gyara, a manhajar hotuna ta wayar ko a Snapseed, ka ɗaga hasken inuwa kaɗan ka rage na wuraren da suka yi fari da yawa, maimakon ka ƙara wa dukan hoton haske. Ka kashe abin gyaran fuskar nan da ke goge fata ya mayar da mutum fari. Da dare yana mayar da fuska kamar roba, kuma idan jikoki suka buɗe hoton kakarsu wata rana, ita ya kamata su gani da launinta.

WhatsApp yana matse hoto kafin ya tura, kuma hoton dare ya fi jin jiki, wuraren duhu su farfashe. Tun 2023 akwai maɓallin HD a saman allo lokacin turawa, ka danna shi. Idan kuwa hoton biki ne da za a kai a wanke a sa a firam, ka shiga alamar maƙala fayil ka tura shi a matsayin takarda, wato Document, zai isa da cikakken ingancinsa, sai dai zai ci data fiye da yadda aka saba.