Ɗan gaban da ƙashinsa ya yi ƙwari: yadda ake nemo shi a ƙwallon Ostiraliya

Ranar Lahadin da ta wuce da hantsi, ina zaune a ƙofar gida a Birni, ƙasa da sauran danshin ruwan da aka yi da dare, sai ƙanina ya kira ni daga Melbon ta ƙasar Ostiraliya. A wajensu magariba ta yi. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, sun saka ni cikin kwamitin kulob ɗin nan da ka bari. Bana ƴan tsakiyarmu sun yi ta kai ƙwallo gaba, amma kamar ana ɗibar ruwa da kwando. Yaran gabanmu duk ƴan shekara 18 da 19 ne. Saura wasa huɗu a rufe kaka. Ina mafita?" Na ce ya ba ni kwana biyu in rubuta masa a tsanake. Da na fara sai na ga gara in sa rubutun a fili, don abokan fadarmu ma sun sha tambayata wane irin wasa ne nake kallo a waya ina tashi tsaye.

Shekara shida na yi a can, karatu da aiki. Wani maƙwabcina ne ya ja ni wani ƙaramin kulob na unguwa a yammacin birnin. Na fara da kai wa ƴan wasa ruwa, na koma riƙe takardar lissafi a bakin fili, daga baya na zauna cikin masu neman sababbin ƴan wasa. Na dawo Damagaram, amma wasan bai fita raina ba. Wasan ƙarshe na gasar AFL, babbar gasar ƙasar, wanda aka saba yi ranar Asabar ta ƙarshen Satumba, yana farawa ƙarfe 5:30 na safe agogonmu, don haka ina fitowa masallaci nake kunna waya.

Ga wanda bai san shi ba: mutum 18 kowane ɓangare, fili mai siffar ƙwai, ƙwallon ma haka. Sanduna huɗu ne a kowane ƙarshe. Ka buga ta wuce tsakanin manyan biyu na tsakiya, gol ke nan, maki shida. Ta bi ta gefe, maki ɗaya. Wanda ya cafe ƙwallon da aka bugo daga nisan mita 15 ko fiye, ba ta taɓa ƙasa ba, an ba shi dama ya ja baya ya buga ba mai taɓa shi. A kan wannan cafkar aikin ɗan gaba yake. Su shida ne a gaba: dogaye biyu ko uku masu cafka, da gajeru masu tsince abin da ya faɗo.

Abin da na fara gaya wa ƙanina shi ne yaransu ba su da laifi. Dogon ɗan gaba ba ya nuna da wuri. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa na garin nan ya ga yadda saurayi mai tsayi da ƙirji yake shiga da ƙarfinsa, ɗan shekara 28 ya tare shi da kafaɗa, ya san inda zai dasa ƙafa, kafin ka ƙifta ido an gama. Haka abin yake a gaban sanduna. Ƙwallo tana sama, mutum biyu suna tureniya a ƙasa, wanda ya san lokacin da zai ɗan zunguri abokin karawarsa da ƙugu shi ke cafewa. Wannan sani sai an sha gwagwarmaya da manya shekara da shekaru.

Tom Hawkins na Geelong ya fara wasa a 2007, ya yi shekaru ana cewa girman jiki ne kawai. A ƙarshen 2009 kulob ɗin ya ɗauko James Podsiadly, mai shekara 28, wanda ya daɗe yana buga gasar jiha ta VFL, yana kuma aiki a sashensu na motsa jiki. Shekara biyu Podsiadly yana ɗauke wa yaron nauyi. A wasan ƙarshe na 2011 kafaɗarsa ta goce tun kafin hutun rabin lokaci, Hawkins ya miƙe ya riƙe gaba, suka doke Collingwood suka ɗauki kofi. Ya yi ritaya a 2024 da gol kusan 800. Ni a ganina wannan shi ne amfanin babba a gaba: ya ba ka maki yau, ya kuma zama inuwar da yaro zai girma a ƙarƙashinta.

Kafin ka nemi kowa, zauna da takardar lissafin kakar bana ka gano inda ƙwallo ke mutuwa. In tana shiga da'irar mita 50 da ke gaban sanduna ƴan bayan abokan hamayya suna cafewa cikin sauƙi, dogo kake buƙata, mai ƙarfin da ko bai cafe ba zai sauko da ita ƙasa. In tana faɗowa ƙasa amma su ke kwashe ta su fita a guje, gajere mai zafin nama kake nema, wanda zai bi mutum ya kama. In kuwa cafka ana yi, bugu ne ke kaucewa ana tara maki ɗai-ɗai, to mai saiti kake so, ko da tsufa ya fara kama shi. Kulob da yawa suna ɗauko dogo na uku alhali ciwonsu a ƙasa yake, su wayi gari da mutum uku suna tsalle kan ƙwallo ɗaya.

Hanyoyin samu biyu ne, kuma farashinsu ba ɗaya ba. Akwai sayen suna. Tun da aka buɗe wa tsofaffin ƴan wasa ƙofar zaɓen inda za su koma a 2012, manyan kulob suna yin haka. Tom Lynch ya bar Gold Coast ya koma Richmond, suka ci kofi a 2019 da 2020. Jeremy Cameron ya koma Geelong, suka ci a 2022. Amma Sydney ta ba Lance Franklin kwantiragin shekara tara a 2013, wanda jaridu suka ce ya kai dalar Ostiraliya miliyan 10. Ya cika masu fili da jama'a, ya wuce gol 1,000 a 2022, sun je wasan ƙarshe sau uku tare da shi, ko ɗaya ba su ci ba. Suna yana aiki ne in sauran gidan ya riga ya ginu.

Hanya ta biyu ita ce tamu, mu masu ƙaramin ƙarfi, kuma ita na fi ƙauna: tono wanda aka tsallake. A Nuwamba ake zaɓen sababbin ƴan wasa, kuma akasari ƴan shekara 18 ake kwashewa. Waɗanda aka bari ba sa daina wasa. Suna komawa gasannin jihohi, VFL da SANFL da WAFL, ko kulob na unguwa da na ƙauye, suna aikin gini ko wutar lantarki da rana, suna atisaye da yamma. Cikin irin waɗannan Collingwood ta ɗauko Brody Mihocek daga Port Melbourne a ƙarshen 2017. A matsayin ɗan baya suka ɗauke shi, suka mayar da shi gaba, ya fi kowa cin gol a kulob ɗin shekara biyar a jere, har suka ɗauki kofi a 2023. Bayley Fritsch, wanda kulob ɗin Melbourne ya ɗauko daga Casey, ya ci gol shida a wasan ƙarshe na 2021. Labarin Mihocek ya koya mini abu ɗaya da nake maimaita wa kowa: in kana neman ɗan gaba, ka riƙa duban ƴan baya ma. Wanda ya shekara biyar yana hana mutane cafka ya san duk dabarun da ake yi masa.

To, ga inda aikin yake. Ba a cinikin biri a sama. Kada ka yarda da adadin gol da aka rubuta, kada ka yarda da guntun bidiyon da wani ya turo maka, don ba mai haɗa bidiyon kurakuransa. Mutum zai iya cin gol 60 a kaka, 40 daga ciki a kan ƙungiyoyi uku na ƙasan tebur. Ka je da ƙafarka, aƙalla sau uku, ɗaya ya kasance ranar ruwa da iska, ɗaya ranar da ake lallasa ƙungiyarsa. Ka tsaya bayan sanduna, kada ka hau wurin zaman ƴan kallo. Ka ɗauke ido daga ƙwallo, ka zuba masa shi kaɗai. Sau nawa yake fita a guje yana neman a ba shi? In aka ƙi ba shi, yana komawa ya sake fita, ko yana tsayawa hannu a ƙugu? In ɗan baya ya ƙwace ya fita, yana bin sa? In abokinsa ƙarami ya bugo masa ta kauce, me fuskarsa ke cewa? Ka lura da bugunsa a zango na huɗu, wato na ƙarshen wasa, lokacin da ƙafa ta yi nauyi. Ni nakan riƙe ƙaramin littafi in ja layi duk lokacin da ya sauko da ƙwallo ƙasa alhali mutum biyu ne a kansa. Wannan ba ya shiga lissafin kowa, amma da shi gajerun gaba ke ci.

Bayan wasa kada ka nufi kocinsa, ba zai gaya maka gaskiya ba tunda yana son riƙe shi ko yana son rabuwa da shi. Nemi ɗan bayan da ya kara da shi, ka tambaye shi yadda ya ji a jikinsa. Nemi wanda ke ɗaure wa ƴan wasa ƙafa kafin a shiga fili. Shi ya san gwiwar da ke kumbura.

Wannan maganar ta jiki na koye ta da ciwo. Wata shekara muka ɗauko wani mai shekara 33 saboda sunan da ya yi a baya. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mana komai ba, mu ne ba mu tambaya ba. A wasa na uku ya fita a guje, na ga ya dafe bayan cinya ya durƙusa. Jijiyar ta taɓa yagewa sau biyu a shekarar da ta gabata. Kuɗin da muka ware ya tafi, kuma yaron da muka zaunar dominsa ya yi fushi ya koma wani kulob. Har yau ina tuna yaron. A kasuwar Dole ba mai biyan kuɗin rago bai buɗe bakinsa ya ga haƙori ba, bai kuma sa an zagaya da shi ya ga tafiyarsa ba. Ka tambayi wasa nawa ya buga cikin shekara uku da suka wuce, ka sa likita ya duba gwiwa da kafaɗa da bayan cinya, ka gayyace shi atisaye biyu kafin a sa hannu. Shekaru kaɗai ba sa yanke hukunci, don Barry Hall yana da 33 ya ci wa Western Bulldogs gol 80 a 2010. Amma in an ba ni zaɓi, tsakanin 23 da 28 nake nema, kuma duk wanda ya haura 30 shekara ɗaya nake ba shi, in ta yi kyau a ƙara.

Sai ƙa'ida. Gasannin unguwa a jihar Biktoriya, inda Melbon take, suna da iyakar kuɗin da kulob zai biya ƴan wasa, suna kuma da tsarin maki: wanda ya taso a kulob ɗin makinsa kaɗan ne, wanda ya sauko daga babbar gasa makinsa mai yawa, kuma akwai jimlar da ba a wucewa ranar wasa. Don haka ka fara neman ɗan gida da ya tafi wani wuri ya nuna. Komowarsa ta fi araha a takarda, kuma yana da dangi a bakin fili.

In kun zauna magana, kuɗi ya zo a ƙarshe. Mai shekara 27 yana da mata, wataƙila da jariri, yana da aikin da yake tashi dominsa tun duhu. Tambaye shi nisan gidansa da fili. Tambaye shi ko zai iya zuwa atisayen Talata da Alhamis duka, don wanda ke zuwa Asabar kaɗai yana karya zuciyar masu zuwa kullum. Da yawansu abin da ke jawo su shi ne a samar masu aiki kusa, ko matar ta sami abokan zama a kulob. Ka kuma faɗa masa tun farko, ba kwana-kwana, cewa rabin aikinsa yaran nan ne: zai ja babban ɗan bayan abokan hamayya zuwa kansa don yaro ya sami na biyu, zai tsaya minti ashirin bayan atisaye ya nuna masu sa ƙafa da sa ƙugu. In ka ga ya ɓata fuska a nan, ku yi sallama cikin mutunci. Kafin labarin zuwansa ya fita, koci ya kira yaran ɗaya bayan ɗaya ya gaya masu inda kowa zai tsaya baɗi. Abin da ba mu yi wa wancan yaron ba ke nan.

Biyu sun isa, dogo ɗaya da gajere ɗaya. Ka ɗauko huɗu, ka mayar da ƴan gida ƴan kallo.

Jiya da safe na karanta wa ƙanina wannan duka ta waya. Ya ce akwai wani ɗan baya mai shekara 26 a wani kulob da ke gabas da su, wanda ya taso a ƙungiyar yaranmu kafin iyayensa su ƙaura, na ma san shi yana ƙarami. Na ce ya bar wasansu na Asabar biyu masu zuwa, ya sa rigar sanyi, ya sayi ƙaramin littafi, ya je ya tsaya bayan sanduna. Ya ce, "To Yaya, in na dawo zan kira ka." Ƙarfe biyar na yamma suke tashi daga wasa, takwas na safe ke nan a nan, na ce zan bar wayar a kunne.