Kafin ka ƙara wa tsohuwar Marsandi gas, duba tiyon bakum

A wata ɗaya motoci uku aka kawo mini nan Agege da ƙorafi iri ɗaya: "Oga, AC ya mutu." Duk ukun an riga an ɗura musu gas, ɗaya ma har an sauya mata kwamfiresa da na gwanjo daga kasuwar kayan mota ta Ladipo. Na sa hannu a gindin gilashin gaba, sai ga sanyi kamar na firji. Iskar tana nan, hanya ce ta ɓace mata.

Tsofaffin motocin nan, irin Marsandi W123 da aka fara ƙerawa a 1976 da 'yan uwanta masu AC mai sarrafa kansa, da manyan motocin Amurka na wancan zamani, zuƙar iska ce ke buɗe 'yan ƙyamaren da ke bayan dashbod, ita muke kira bakum. Kowane ƙyaure da ɗan gwangwaninsa mai tantanin roba a ciki. In zuƙar ta yanke, sai iska ta koma gilashi, don maƙeran sun fi damuwa da direba ya ga hanya a kan ya sha sanyi. To ina ruwan gas a nan?

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai kuwa ni na fara tafka shi. Motar wani Alhaji ce mai harkar shanu, ina sabon hannu. Na ce ai matsalar a ciki take, na kama kwance dashbod. Robar da ta sha ranar Legas shekara da shekaru ba ta lanƙwasa, karyewa take kamar busasshen kara. Na fasa bakin iska biyu, na tsinke maƙalai ban san adadinsu ba, na yi kwana uku ina yawo a Ladipo ina neman irinsu da kuɗin aljihuna. A rana ta huɗu na buɗe bonet don wani abu daban, sai ga wani ɗan gwiwar roba, bai kai tsawon yatsa ba, ya tsage a jikin bangon da ya raba inji da ɗaki. Alhaji ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Yaro, wannan ne ya cinye mini mako?" Har yau in na ga yaro ya ɗauki sukundireba ya nufi dashbod kafin ya leƙa inji, raina ɓaci yake.

Ni daga tushe nake farawa. A injin fetur, ma'aunin bakum ya nuna inci 17 zuwa 22 in mota na tsaye tana aiki. Daga nan in bi tiyo har bawul mai hanya ɗaya, in cire shi in busa da baki: gefe ɗaya ya wuce, ɗayan ya toshe. Ya wuce ta ko'ina, ya mutu. Alamarsa ma ba ta ɓuya. Kana hawan gadar Oshodi ka take totur, iska ta gudu gilashi, ka ɗaga ƙafa ta dawo fuska. Bawul ne ko tankin ajiyar bakum ya huje, domin take totur na zubar da zuƙar inji. Gwangwanayen kuwa ɗaya bayan ɗaya nake gwada su da famfon hannu. Wanda allurar ma'aunin famfon ta sauka a kansa, tantaninsa ya yage. In babu famfo, babbar sirinji na yi mini aiki, ko da yake wasu abokan sana'a dariya suke mini.

Masu Marsandi ta dizal, ku saurara da kyau. Injinku ba ya samar da zuƙa da kansa, famfo ne ke yi, kuma da wannan zuƙar ake kashe injin. Mutum ya zare makulli mota na ci gaba da ruri, sai ya ruga wajen mai waya, ko a fara zancen aljanu. Buɗe bonet ka danna ɗan hannun da aka rubuta STOP a kai, sannan ka nemi inda iska ke shiga. A W123 makullan ƙofa ma a layin suke, don haka yoyo a ƙofar baya na iya hana ka sanyi a gaba. Toshe reshen ƙofofin na ɗan lokaci, ka ga ko AC zai farfaɗo.

Kada ka cire tiyo biyu lokaci guda ba ka ɗauki hoto da waya ba. Launukan jikinsu ba ado ba ne. Gam da salatif ba sa riƙe roba a zafin inji, yanke bakin da ya tsage ko ka sa sabo. Tiyon mai kuma ya yi faɗi, zai zauna kamar ya kama alhali yana shan iska.

Sai masu cusa ƙusa a tiyo su ce sun gyara. Makon jiya na zaro guda huɗu a mota ɗaya, ɗaya ma ƙusar kafinta ce ta yi tsatsa. Mai motar ya ce shekara biyu yana goge gumi da hula a cunkoson Ikorodu Road, don wani ya toshe layin da ke juyo iska fuska.