Yadda na gyara bangon da ya tsage a Gadarif ta ƙasar Sudan

Ɗakuna biyu na gina wa wani dattijo da rani, damina ɗaya bango ya tsage har ɗan yatsa na shiga. Ya riƙe ragowar kuɗina, ya ce, "Malam, simintina ka ci." Wallahi ban ci ba. Ƙasar Gadarif ce, baƙar laka mai kumbura in ta sha ruwa, ta dare da rani. Tushen da na saba yi a wurin yashi na zuba mata, laifina kenan.

Na ce, "Baba, a bar ni sai ƙasa ta bushe." Dama lokacin yankan riɗi ba ka samun lebura, duk suna gona.

A Disamba muka tona gindin bangon, taku uku-uku don kada ya zauna. Muka kwashe lakar, muka cika da yashi da tsakuwa, muka daddaɓe, sannan kankare da rodi. Na zagaye ɗakunan da daɓe mai gangara, na kai ruwan indararo nesa. Darbejiyar da ke jikin bango ma na sare, Baba yana ta faɗa.

Damina biyu yanzu, bango shiru. Rabin kuɗin gyaran daga aljihuna ya fita.