Yadda Ake Sayar da Gida Ba Tare da An Ƙare a Gaban Alƙali Ba

Kafin ka kira dillali, buɗe akwatin da kake ajiye takardu. Masu gida da yawa suna fara neman mai saye, sai an yi tayi an sallama sannan a gano takardar tana ɗauke da sunan wani, ko tana jingine a banki. Daga nan ciniki yake rushewa, mai gida ya shiga neman kuɗin da zai mayar bayan ya riga ya taɓa su.

A Najeriya, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da ke hannunka haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99 ga gidan kwana, kuma sashe na 22 ya hana miƙa wannan haƙƙi ga wani sai da amincewar gwamna. Don haka idan gidan yana da takardar shaidar mallaka, wato C of O, je hukumar filaye da ƙafarka: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Duba sunan da ke cikin fayil, ka tambayi bashin harajin ƙasa da ya taru, ka biya. Idan sunan wanda ya sayar maka ne har yanzu, haɗa duk takardun cinikin da suka biyo baya a jere, kada ɗaya ta yi tsalle. Gidan cikin gari da ke da takardar mai unguwa ko dagaci kaɗai yana sayuwa, amma a faɗa wa mai saye tun ranar farko.

Gidan gado ne ya fi ko'ina haɗari. Babban wa yakan ɗauka tunda takardu da makulli suna hannunsa, yana da ikon sallamawa. Ba shi da shi. Matuƙar ba a raba gado ba, kowane magaji yana da rabo a kowane ɗaki, har 'yar'uwar da ke aure a wani gari, har matar mamaci, har jaririn da ke goye. A fara zuwa kotun shari'a a ƙididdige magada, a karɓi takardar rabon. Kowane baligi ya sa hannu da kansa, ko ya ba da wakilci a rubuce. Rabon maraya kuwa ba a sayar da shi sai ta hannun waliyyinsa ko kuma da izinin alƙali. Akwai kuma haƙƙin shuf'a: a mazhabar Malikiyya, idan ɗaya ya sayar da kasonsa na gidan da ba a raba ba ga bare, abokan tarayyarsa suna iya biyan wannan kuɗin su karɓe kason. Fara yi wa 'yan'uwa tayi a gaban shaidu. In sun ce ba sa so, a rubuta.

Sai farashi. Kuskuren shi ne lissafa buhunan siminti da tayil da aka kashe a ce kuɗin gida ke nan. Mai saye unguwa yake dubawa, da faɗin fili (ƙafa 50 da 50 ne ko 50 da 100), da ko mota tana shiga lungun, da ruwa, da ingancin takarda. Nemi gidaje uku irin naka da aka sayar kusa da kai cikin wata shida, ka bi kuɗin da aka sallama, ka bar wanda aka yi ta kira. Gidan da aka tsawwala wa kuɗi kwantai yake yi, kuma da ya daɗe a kasuwa mutane sai su fara raɗa cewa akwai rigima a kansa.

Kada ka watsa gidan ga dillalai goma. Kowa zai ɗora nasa a kai, mai saye ya ji farashi huɗu a gida ɗaya, ya janye. Zaɓi ɗaya ko biyu, ku yanke la'ada tun farko a rubuce. Kashi 5 cikin 100 ne aka saba ji a wurare da yawa, amma a fayyace wa zai biya da kuma yaushe. Kwafin takarda kawai ake ba dillali, a ja layi biyu a kansa a rubuta "don dubawa kawai". Asalin ba ya barin hannunka.

Wajen gyara, a tsaya ga abin da ido da hanci za su kama: kwanon da ke yoyo, silin da ya yi jirwaye, kwatar da ta toshe, masan da ya cika. Abin da ya fi ƙarfin aljihunka, nuna shi. Masu shafa fenti a gindin katangar da gishiri ya cinye suna sayar da gida da rani, damina ta farko ta tona asiri, fentin ya kumbura ya zubo kamar ɓawon gyaɗa. A shari'a mai saye yana da damar mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Zagaya da mai saye, ka nuna masa tsagar da yatsa, a saka ta a takardar ciniki.

Idan akwai ɗan haya, sanar da shi da wuri. Mai biyan shekara-shekara bisa ƙa'ida wata shida ake ba shi, sai in yarjejeniyarku ta ce wani abu daban. Kada ka yi alƙawarin ba da gida fanko a ranar da ba ka da iko da ita.

Kafin alƙalami ma yana buƙatar takardarsa: nawa aka bayar, yaushe za a cika, me zai faru da kuɗin idan wani ya fasa. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma cikon kuɗin gida bashi ne. Biya kashi-kashi na tsawon shekara asara ce ga mai sayarwa idan darajar naira tana sauka, don haka a taƙaita wa'adi.

A biya ta banki. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum bayarwa ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Saƙon shigar kuɗi a waya kuma ba hujja ba ne, ana ƙirƙirarsa. Tabbatar a bankinka cewa kuɗin sun zauna a asusu.

Sai a lokacin lauya zai kawo takardar miƙa mallaka a sa hannu, da shaidu biyu aƙalla. Ranar miƙa gida a karanta mitar wuta a ɗauki hotonta, a biya bashin wuta da na ruwa, a rubuta abin da aka bari a ciki, kamar injin rijiyar burtsatse, tankin ruwa da fankoki. Sannan a miƙa asalin takardu da makulli a gaban shaidun, kowane ɓangare ya tafi da kwafinsa mai sa hannu.