Yadda Ake Fara Nazarin Matan Iran da Siyasar Ƙasarsu

Ɗalibin ilimin zamantakewa da ke son mayar da matan Iran fagen bincikensa, ya kamata ya fara da koyon Farisanci, domin wanda ya dogara da jaridun Turai kaɗai zai riƙa jin labarin ne daga bakin wasu. Wanda ya yi makarantar allo ya samu sauƙi, tunda da haruffan Larabci ake rubuta harshen, sai ƙarin haruffa 4. Ya kuma saba da kalandarsu ta hijira mai bin rana, don kada ya ruɗe idan takarda ta ce an kifar da sarauta a 1357, alhali shi 1979 ya sani.

Daga nan sai ya duƙufa kan dokoki. Kuskuren da na fi gani shi ne a tattara maganar gaba ɗaya a kan hijabi, wanda shi kansa yana da tarihi mai fuska biyu: a 1936 Reza Shah, sarkin Iran na lokacin, ya haramta lulluɓi, har 'yan sanda suna fizge shi daga kan mata a titi, sannan a 1983 Jamhuriyar Musulunci, gwamnatin da ta maye gurbin sarauta, ta sanya hukunci ga wadda ta fita ba tare da shi ba. Tsakanin shekarun nan biyu mata sun samu 'yancin jefa ƙuri'a a 1963, aka kuma kafa dokar kare iyali a 1967, wadda ta mayar da batun saki da ƙarin aure hannun kotu, kafin a dakatar da ita a 1979. A ganina, a nan ne aikin ya fi nauyi, domin saki da gado da riƙon 'ya'ya su ne ke kai mace gaban alƙali.

Akwai kalma ɗaya da ta cancanci a zauna a kanta. Sashe na 115 na kundin tsarin mulki ya ce za a zaɓi shugaban ƙasa daga cikin "rijal", kalmar da a Larabci ke nufin maza, amma wasu ke fassara ta da manyan mutane. Azam Taleghani, 'yar siyasa mai fafutukar haƙƙin mata, ta nemi tsayawa takarar shugaban ƙasa a 1997 domin ta gwada ma'anar, sai Majalisar Kare Tsarin Mulki mai mutum 12, wadda ke tantance 'yan takara, ta ƙi amincewa da ita. A shekarar ce kuma Masoumeh Ebtekar ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa ƙarƙashin Shugaba Mohammad Khatami. Mai bincike ya nemi tsofaffin fitowar mujallar Zanan, wadda Shahla Sherkat ta kafa a 1992 aka rufe a 2008, inda zai ga mata masu addini suna kafa hujja da fiƙihu wajen neman gyaran doka.

Idan lokacin tattaunawa da mutane ya yi, sai a yi taka-tsantsan, musamman bayan zanga-zangar da ta biyo bayan rasuwar Mahsa Amini, matashiyar da 'yan sanda suka tsare kan batun hijabi, a Satumbar 2022. An tsare Fariba Adelkhah, mai bincike daga Faransa, a Iran a 2019, kuma haɗarin ya fi yawa ga wadda aka yi hira da ita, tunda ita ce za ta ci gaba da zama a garin. Saboda haka kada ya rubuta sunanta na gaskiya a littafinsa, kada ya bar muryarta a wayarsa, ya kuma bar mata zaɓin wurin haɗuwa.