Yadda ake aika ƙaramin kumbo ya duba tauraron ɗan'adam a sama

Ɗalibaina a Yamai kan zaci kumbon zai miƙe ne kai tsaye. A'a. Da farko ka nemi izinin mai tauraron, sannan ka sa kumbonka kan falakinsa, wato hanyar da yake bi yana zagaya duniya, amma ƙasa da shi kaɗan. Na ƙasa ya fi saurin zagaya duniya, da haka zai cim masa ba tare da ƙona mai da yawa ba.

Idan saura 'yan kilomita, dakata. Auna tazara da hasken leza, ka lura ko tauraron na juyawa. Matso sannu a hankali, kamar mai shiga da kwalekwale gaɓar kogin Isa, rana a bayanka don hoto ya fito. Duba faifan hasken rana, eriya da rufin kare zafi.

Abin da na fi nanatawa: tsara hanyar da ko injin ya mutu, kumbon zai wuce ta gefe. Karo ɗaya da tauraron na barin tarkace a sama shekaru.

A 2024 kumbon ADRAS-J na Japan ya zagaya tsohuwar roka daga tazarar mita 50, yana ɗaukar hotonta. Kai kuma, ka ajiye man da za ka janye da shi idan ka gama.